Idan Kunne Ya Yi Shiru, A Tambayi Wuya

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Jama'a masu sauraro, wannan shirinmu ne na faɗakarwa kan lafiyar jiki.   

Kafin mu shiga maganar asibiti, mu tsaya a bakin hanyar rijiya tukuna. Ga baiwar Allah ta taso da tulu cike a kan gammo, ga goyo a baya. Ta tsallake kwata, ta kauce wa ɗan akuya, wata ta gaishe ta, ta juyo ta amsa, ta ci gaba da tafiya, ko ɗigo bai zuba ba. Da za ku matsa kusa ku dubi wuyanta, za ku ga ba ya hutawa. Yana ɗan tanƙwarawa nan, yana ɗan saki can, yana gyara zaman kai a kowane taku, ita kuwa hankalinta na can kan abin da za ta girka. To wa yake faɗa wa wuya abin da zai yi?

Kunne ne. Kunnen nan da muka ɗauka aikinsa ji kaɗai, shi ne yake riƙe da mu a tsaye. Yau za mu ji yadda yake yin wannan aiki, da yadda likitoci suka gano hanyar auna lafiyarsa ta wajen sauraron tsokar wuya.

Abin da ya sa na damu da wannan magana, a gidanmu na gan ta. Akwai wani baffana, manomi ne mai ƙarfin jiki, wanda bai san kwanciya ba. Wata shekara ƙurji ya kumbura masa a ƙafa, wani mai sayar da magani ya yi ta yi masa allura safe da yamma har kwanaki masu yawa, ba tare da takardar likita ba. Ƙafa ta warke. Amma daga nan tafiya ta gagara. Da rana yana lallaɓawa, da asuba kuwa, idan ya fito zai tafi masallaci cikin duhu, sai ya riƙa tangaɗi yana dafa katanga. Ya ce mini, "Ɗana, idan ina tafiya duniya tsalle take yi a idona. Ba na gane fuskar mutum sai na tsaya cik." Jinsa ras, ko raɗa ka yi zai ji. Don haka babu wanda ya kawo kunne a ransa. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce hawan jini, wasu suka ce iska ce ta shafe shi. Za mu dawo kansa.

Kunne hawa uku ne. Akwai na waje, wanda muke gani, da raminsa har zuwa dodon kunne. Bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, da 'yan ƙasusuwa uku, su ne mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Can ciki kuma, a binne cikin ƙashin kai, akwai kunnen ciki, cike da ruwa. Shi kuma gida biyu ne. Gida ɗaya a naɗe yake kamar katantanwa, da shi muke ji. Ɗaya gidan shi ne na daidaito, kuma ma'aikata biyar ne a cikinsa a kowane kunne.

Uku daga ciki 'yan bututu ne masu lanƙwasa kamar awarwaro, kowanne ya fuskanci nasa ɓangare. Idan ka girgiza kai alamar a'a, ko ka gyaɗa shi alamar i, ko ka karkatar da shi zuwa kafaɗa, ruwan da ke cikinsu yana motsi, su kuma su kai wa ƙwaƙwalwa labari. Shi ya sa yaro idan ya yi ta hajijiya ya tsaya, sai ya faɗi: shi ya tsaya, ruwan bai tsaya ba.

Sauran biyun 'yan jakunkuna ne. Sunayen da masana suka ba su da Latin, ma'anarsu 'yar salka da 'yar jaka, don haka mu ma haka za mu kira su. A cikin kowace akwai shimfiɗa mai danƙo, an barbaɗa mata 'yan tsakuwoyi da ido ba ya gani, a ƙarƙashinta kuma ga wasu 'yan gashi masu jin motsi. Tsakuwoyin nan, sinadarinsu ɗaya da na ɓawon ƙwai, ɗaya kuma da na dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti. Ikon Allah ke nan, kowannenmu yana yawo da ɗan garin dutse a cikin kansa. Idan ka karkata, nauyin tsakuwoyin ya ja shimfiɗar, gashin ya tanƙwara, ƙwaƙwalwa ta san ina ne sama, ina ne ƙasa. 'Yar salka ta fi kula da motsin gaba da baya da na gefe, kamar lokacin da mota ta figa ko ta taka birki. 'Yar jaka ta fi kula da motsin sama da ƙasa, kamar lokacin da babur ya faɗa rami, ko raƙumi ya miƙe da kai.

Labarin da waɗannan ma'aikata biyar suke aikawa ba ya jiran tunani. Wani yana tafiya kai tsaye zuwa ido, don kallo ya tsaya a kan abu ko da kai yana motsi. Wani yana gangarawa zuwa wuya da baya da ƙafafu. Wanda ke da kaza a gida ya gwada: ka riƙe ta da hannu biyu, ka ɗan motsa jikinta sama da ƙasa a hankali, za ka ga kanta ya tsaya wuri ɗaya kamar an kafe shi. Ido da kunnen ciki da wuya ne suke aiki tare.

To ga matsalar da ta daɗe tana damun likitoci. Kunnen ciki a cikin ƙashi yake, ba a leƙa shi da tocila. Bututun nan an samu hanyar gwada su tun da daɗewa. Wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Robert Bárány, ya lura cewa idan aka zuba ruwa mai ɗumi ko mai sanyi a kunne, ido yakan riƙa fizga, kuma daga fizgar ana gane lafiyar bututun. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel ta shekarar 1914. Amma 'yar jaka da 'yar salka sun ƙi gwaduwa cikin sauƙi har shekaru masu yawa bayan haka.

Bakin zaren ya fito daga tattabaru. A shekarar 1929 wani masani ɗan Italiya, Pietro Tullio, ya nuna cewa idan aka huda ƙashin bututun kunnen tattabara, ƙara mai ƙarfi takan sa kanta da idonta su motsa. Ashe ƙara tana iya taɓa gidan daidaito. A 1964 wasu masu bincike a asibitin Mayo na Amurka, Bickford da abokan aikinsa, suka ga cewa ƙara mai ƙarfi tana haddasa ɗan motsin lantarki a tsokokin ƙeya. Sai a 1992 da 1994 likitoci biyu a birnin Sidni na Ostireliya, James Colebatch da Michael Halmagyi, suka mayar da abin gwaji na asibiti. Suka koma kan wata tsoka ta gefen wuya, suka nuna cewa amsar tana nan ko a wajen wanda ya kurumce, amma tana ɓacewa idan aka yanke jijiyar daidaito. Likitoci suna taƙaita sunan gwajin da haruffa huɗu, VEMP. Mu a nan mu ce masa gwajin amsar wuya.

Me ya sa 'yar jaka take jin ƙara? Don tana zaune daf da ƙofar da ƙara ke shigowa kunnen ciki. Kifaye da yawa ma da ita suke ji, su da ba su da katantanwa irin tamu. A wajenmu ƙaramar ƙara ba ta motsa ta, amma mai ƙarfi tana girgiza tsakuwoyinta.

Yanzu ina so kowa ya taɓa tsokar da ake magana. Ka juya kanka zuwa hagu sosai, ka sa yatsu a gefen wuyanka na dama. Za ka ji wata igiya mai kauri ta miƙe, ta taso daga bayan kunne ta gangaro zuwa ƙashin saman ƙirji. To ita ce. Duk lokacin da ka yi sallama a ƙarshen salla, dama da hagu, ita da 'yar'uwarta ne suke juya maka kai.

Ga yadda gwajin yake. Mutum zai kishingiɗa a kan gado ko ya zauna a kujera. A goge masa fata, a manna masa 'yan faifai masu waya, ɗaya a tsakiyar tsokar, ɗaya a saman ƙirji, ɗaya a goshi. Ba allura, ba yanka, ba kuma wutar da za ta shiga jikinsa. Faifan saurare kawai suke yi. A sa masa abin ji a kunne. Sai a ce ya ɗaga kai daga matashi, ko ya juya shi gefe, ya riƙe a haka don tsokar ta ɗaure. Daga nan sai ƙara ta fara, tak tak tak, gajeru masu ƙarfi, kamar biyar a daƙiƙa ɗaya, har sau ɗari ko ɗari biyu. Kowace ƙara ta girgiza 'yar jaka, saƙo ya bi jijiyar daidaito zuwa gindin ƙwaƙwalwa, ya gangaro zuwa tsokar da ke ɓangaren wannan kunnen, ya ce mata ta ɗan saki.

Saki ne, ba ɗaurewa ba, kuma shi ya sa dole sai tsokar tana aiki kafin a ga amsa. Ku tuna da igiyar guga. Idan tana yashe a ƙasa, ba ka sanin an sassauta ta. Sai guga ya ɗauko ruwa, igiya ta miƙe, sannan hannu yake jin ɗan sakin da aka yi. Sakin da tsokar wuya take yi gajere ne ƙwarai. Idan aka raba daƙiƙa ɗaya gida 1,000, amsar tana kai ƙololuwarta ta farko a wajen kashi 13, ta biyu a wajen kashi 23. Ido bai gama ƙiftawa ba an gama. Mai gwajin ma ba ya jin komai a wuyansa sai gajiyar riƙe kai. Kwamfuta ce take tara amsoshin, ta zana su a allo kamar tudu da kwari. An gama da kunne ɗaya, a koma ɗayan, a gwama. Yawanci ba ya wuce rabin awa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan jiri, wanda wasunmu ke cewa juwa, da yadda ake gwada kunnen ciki ta hanyar tsokar wuya.

Me likita yake karantawa a wannan zane? Abu na farko, ko amsa ta zo ko ba ta zo ba. Idan kunne ɗaya ya amsa ɗaya ya yi shiru, akwai alamar 'yar jaka ko jijiyarta ta samu rauni a wannan ɓangaren. Ana ganin haka a wasu masu kumburin jijiyar daidaito, ciwon da ke kwantar da mutum kwana biyu ko uku yana amai, ɗaki na juya masa. Ana ganinsa a ciwon da likitan Faransa Prosper Ménière ya bayyana a 1861, wanda ke zuwa da jiri na awoyi, da ƙugi a kunne, da toshewa, da raguwar ji. Ana kuma ganinsa a wasu masu ƙari a kan jijiyar kunne.

Abu na biyu, ko amsar ta zo da sauƙi fiye da kima. Akwai mutanen da ƙashin da ya rufe bututun sama na kunnensu ya ɓule. Irin waɗannan, ƙarar lasifika ko hon ɗin babbar mota yana sa su jiri nan take. Muryarsu tana yi musu amo a kai, wasu har bugun zuciyarsu da motsin idonsu suke ji. Ku ɗauka mutum ya faɗi haka a majalisa, me za a ce da shi? Sai a 1998 likita Lloyd Minor na jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya bayyana wannan ciwo. A wajensu ƙara mara ƙarfi ma tana ta da amsar wuya, kuma wannan na daga cikin wuraren da gwajin ya fi amfani. Daga baya aka samo ɗan'uwan gwajin, wanda ake manna faifan a ƙarƙashin ido, shi kuma ya fi ba da labarin 'yar salka.

Gwajin yana da iyakarsa. Idan kunne ya toshe da dauɗa, ko yana zubar da ruwa, ko akwai ruwa a bayan dodon kunne, ƙarar ba ta isa ciki da ƙarfinta, sai amsa ta ɓace alhali 'yar jaka lafiyarta lau. A wajen waɗanda suka haura shekara 60 amsar takan yi rauni ko babu ciwo. Mai ciwon wuya da ba ya iya riƙe kai, gwajin na yi masa wahala. Kuma ƙarar tana da ƙarfi, don haka ƙwararre ne kaɗai ya san adadin da ba zai cutar ba. Kada wani ya ce zai gwada a gida da rediyo a kunne.

Sannan yawancin masu jiri ba su ma buƙatar wannan na'ura. Jirin kunne da ya fi yawa shi ne wanda 'yan tsakuwoyin nan suke ɓallewa daga 'yar salka su faɗa cikin bututu. Mutum ya juya a kan shimfiɗa, ko ya ɗaga kai zai sauko da abu daga rumbu, ko ya sunkuya zai yi sujada, sai duniya ta juya da shi, ƙasa da minti ɗaya ta lafa. Likita yana gane shi da kwantar da mutum ya duba idonsa. Maganinsa kuma juya kai ne daki-daki har tsakuwoyin su koma mazauninsu, dabarar da likita John Epley ya wallafa a 1992. Sau da yawa zama ɗaya ko biyu ya isa. Mutane nawa ne a garuruwanmu suka shekara suna salla a zaune saboda abin da hannun ƙwararre zai gyara cikin minti goma?

Ba kowane jiri ne na kunne ba. Wanda ya miƙe tsaye ya ga duhu-duhu, a duba jininsa, a duba ƙarancin ruwa a jiki, musamman da bazara ko lokacin azumi, a duba sukari da magungunan hawan jini. Mai juna biyu ta faɗa wa ma'aikatan awo. Amma ku riƙe wannan da kyau: jirin da ya zo da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko ganin abu biyu-biyu, ko matsanancin ciwon kai, ko kasa tsayuwa sam, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A nemi mota a lokacin, ba a jiran gari ya waye. Haka ma wanda kunnensa ɗaya ya daina ji farat ɗaya, kwanakin farko su ne na ceto.

Mu koma kan baffana. Da aka kai shi wajen likitan kunne a birni, tambayar farko da ya yi ita ce, wace allura aka yi masa? Aka nuna kwalbar da ta rage, jentamaisin. Magani ne mai ceton rai idan likita ya auna shi, amma shi da ɗan'uwansa sitireftomaisin suna iya kashe 'yan gashin nan na gidan daidaito a kunnuwa biyu, su bar ji bai taɓu ba, musamman idan aka daɗe ana yi ko ƙoda ba ta da ƙarfi. Da rana ido yana rufa wa baffa asiri, cikin duhu kuwa ba ido ba kunne, sai tafin ƙafa kaɗai. Abin da ya mutu bai dawo ba. Amma an koya masa motsa jiki na ido da kai da tafiya, yana yi kullum bayan la'asar, aka saya masa tocila da sanda. Sannu a hankali ƙwaƙwalwa ta koyi dogaro da abin da ya rage.

Wani abin da ke lalata kunnen ciki a ƙasarmu shi ne sanƙarau. Manya sun tuna 1996, lokacin da ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya. Mun kuma ga na 2017 a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kabi. Yaron da ya tashi daga sanƙarau, a kai shi a gwada jinsa, a kuma lura da tafiyarsa. Idan masu rigakafi sun zo, a fito da yara.

Saƙona ga mai fama da jiri: ka fara da asibitin da ke kusa da kai, idan abin ya ƙi, ka nemi a tura ka sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Likita shi zai zaɓi gwajin da ya dace da kai. Ka tafi da amsar tambaya huɗu. Juyawa ɗaki yake yi, ko duhu kake gani? Daƙiƙoƙi yake yi, ko awoyi, ko kwanaki? Me ke ta da shi, juya kai, miƙewa, ko ƙara? Akwai ƙugi ko raguwar ji? Ka kuma ɗauki kwalaye da kwalaben duk maganin da ka sha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, bayaninka rabin gwaji ne. Kafin ka samu sauƙi, ka bar hawan bishiya da rumbu, ka bar tsayuwa a bakin rijiya, ka bar tuƙa babur. Kada a ɗura wa kunne man ja ko ruwan albasa, kada a sa masa tsinke ko gashin kaza. Mu yi addu'a, mu kuma nemi magani, domin Wanda Ya saukar da cuta Shi Ya saukar da maganinta.

Hausawa na cewa jiki magayi. Ga kunne a kulle cikin ƙashi, ya rasa bakin da zai faɗi ciwonsa, sai wuya ya ara masa. Idan tsohuwa a gidanku ta ce ƙasa na juya mata, ku yarda da ita, ku riƙe hannunta, ku kai ta a duba. Baffana ya koma sahun gaba a sallar asuba, tocila a hagu, sanda a dama, ba ya ƙara dafa katangar kowa.

A nan za mu dasa aya.   

(Kiɗan rufe shiri)